Hukuncin zuwa bakin tekun Karebiyan domin iyo, hawan igiyar ruwa da shagalin dare

Tambaya

Ni ɗalibi ne ina karatun likitanci a tsibirin Barbados da ke yankin Karebiyan. Idan mun gama jarrabawa, abokan karatuna sukan haɗa kuɗi mu tafi bakin tekun Dover a ƙarshen mako. Da rana ana iyo, wasu suna koyon hawan igiyar ruwa a kan allo, da dare kuma a wuce layin St Lawrence Gap inda gidajen rawa da mashayu suke. Ni ba na shan giya, amma ana cewa in zo in zauna da su, in kuma tuƙo su gida tunda ni ne mai hankali a jikinsa. Ina son iyo ƙwarai, kuma kaɗaici yana damuna idan na ƙi bin su. Mene ne hukuncin wannan fita? Sannan yayana yana son ya kawo mini ziyara da matarsa, su yi mako guda suna hutawa. Shin ya halatta gare su, kuma za su yi ƙasaru?

Taƙaitacciyar amsa

Iyo halal ne, koyonsa ma abin so ne. Hawan igiyar ruwa shi ma halal ne ga wanda ya iya iyo, ya kuma zaɓi wurin da galibin zato zai kuɓuta. Sharaɗin duka biyun shi ne suturce al'aura, nisantar wuri da lokacin da tsiraici ya yawaita, da kiyaye salla a kan lokacinta. Shiga gidajen rawa da mashayu haramun ne ko da mutum bai kurɓa ba, haka nan zuba kuɗi a asusun da za a sayi giya da shi, da kai mutane wurin. Ziyarar ɗan'uwa halal ce, kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku zai cika salla.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Muna roƙon Allah Ya tabbatar da kai, ya ɗan'uwa, Ya sa albarka a karatunka. Tambayarka ta haɗa abubuwa uku waɗanda masu tallan yawon buɗe ido suke sayarwa a ƙunshi ɗaya, alhali a shari'a kowanne da hukuncinsa. Kafin a yi hukunci a kan abu sai an san yadda yake, don haka za mu fara da bayanin wurin domin amfanin sauran masu karatu.

Na farko: yadda wurin yake

Barbados ƙaramin tsibiri ne, shi ne ya fi kowane tsibirin Karebiyan kutsawa gabas cikin tekun Atilantika. Tsawonsa kamar kilomita 34 ne, faɗinsa kamar 23, mutanensa ba su kai dubu ɗari uku ba, akasarinsu Kiristoci ne 'yan asalin Afirka. Turawan Ingila sun zauna a cikinsa tun 1627, ya sami 'yancin kai a 1966, ya zama jamhuriya a 2021. Babban birninsa Bridgetown ne. Yawon buɗe ido na daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar, baƙi kuma sun fi yawa daga Disamba zuwa Afrilu, lokacin da sanyi yake koro mutanen Ingila da Kanada da Amurka.

Gaɓoɓin tsibirin ba iri ɗaya ba ne. Ta yamma ruwan a kwance yake, ya fi dacewa da mai koyon iyo. Ta gabas kuwa, wajen ƙauyen Bathsheba, tekun Atilantika ne yake dukan duwatsu kai tsaye. A nan ne wurin da ake kira Soup Bowl yake, inda ƙwararrun masu hawan igiyar ruwa suke zuwa daga ƙasashe daban-daban, amma iyo a wannan gaɓa haɗari ne saboda ƙarfin jan ruwa. Gaɓar kudu tana tsakatsaki, kuma a nan ne Dover yake, a ƙarshen layin St Lawrence Gap. Layin gajere ne, bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba, amma ya cika da otal-otal da gidajen abinci da mashayu da gidajen rawa, shi ne cibiyar shagalin dare a tsibirin. Giyar da ake yi da rake tana da daɗaɗɗen tarihi a ƙasar, tana kuma cikin abin da ake tallata ƙasar da shi.

Dokar ƙasar ta mayar da dukkan bakin teku na kowa da kowa, ta kuma hana yin tsirara a cikinsu. Sai dai kayan wanka da mutane suka saba sawa, maza da mata, ba su rufe abin da shari'a ta ce a rufe ba. Wannan shi ne asalin matsalar, kuma a kansa ne hukunci yake sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga sa'a zuwa sa'a.

Na biyu: hukuncin iyo

Asalin shaƙatawa halal ne. Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, kallon teku da tunani a kan halittar Allah kuwa abu ne da Alƙur'ani ya yi kira zuwa gare shi a wurare da dama. Iyo yana da wata falala ta daban. Nasa'i da Ɗabarani sun ruwaito hadisi wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware abubuwa huɗu daga cikin wasannin banza, ya lissafa koyon iyo a cikinsu. An kuma ruwaito cewa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya rubuta wa mutanen Sham yana umartarsu su koya wa 'ya'yansu iyo da harbi. Wanda ya koyi iyo da niyyar ƙarfafa jikinsa ko ceton rai, muna fatan za a ba shi lada.

Wannan halaccin yana da sharuɗɗa.

Sharaɗi na ɗaya, suturce al'aura. Al'aurar namiji a wurin mafi yawan malamai daga cibiya ce zuwa gwiwa. Malaman Malikiyya sun raba ta gida biyu, mai tsanani da mai sauƙi, sun kuma sassauta a kan cinya, amma ba su halatta gajeren kamfai da ake gani a bakin teku ba. Abin da ya fi maka shi ne wando mai kauri wanda ya sauka ƙasan gwiwa, ka ɗora rigar iyo a sama. Masu hawan igiyar ruwa da kansu suna sa irin wannan dogon wando da riga don kare fata daga rana da gogar allo, saboda haka ba wanda zai ga baƙon abu a jikinka. Ka lura da abu biyu: farin yadi marar kauri yakan nuna fata idan ya jiƙe, matsattsiyar rigar roba kuma tana fitar da siffar jiki, sai a ɗora wando mai yalwa a kanta.

Sharaɗi na biyu, kiyaye gani. Allah Ya umarci muminai maza da mata da runtse ido a aya ta 30 da ta 31 cikin Suratun Nur. Muslim ya ruwaito cewa Jarir ɗan Abdullahi ya tambayi Annabi game da kallon ba-zata, sai ya umarce shi da ya kawar da idonsa. Wannan rangwame na wanda abin ya faɗo masa ne a hanya. Wanda ya ɗauki ƙafarsa ya je inda ya san duk inda ya juya tsiraici zai gani, kamar Dover da tsakar ranar Asabar a lokacin baƙi, ba zai ce kallonsa na ba-zata ne ba. Ƙa'idar malamai ita ce, abin da ba a iya barin haram sai da barinsa, to barinsa wajibi ne. Zuwa irin wannan wuri a irin wannan lokaci don shaƙatawa kawai bai halatta ba.

Mafita tana nan kusa da kai. Barbados tana kan layi ɗaya da Sakkwato da Katsina wajen nisa daga tsakiyar duniya, don haka rana tana fitowa tsakanin ƙarfe biyar da rabi da shida da rabi duk shekara. Bayan sallar asuba bakin teku kusan fayau yake, masu shagalin dare suna barci, ba ka samun kowa sai masunta da dattawa masu motsa jiki. A gaɓar Carlisle kusa da Bridgetown ma da sassafe masu kula da dawakin sukuwa sukan kawo su wanka. Awa ɗaya ko biyu a wannan lokaci sun ishe ka iyo, rana ba ta yi zafi ba, idonka kuma ya huta. Idan wani abu ya gifta, ka kawar da kai, babu laifi a kanka. Idan wurin ya fara cika, ka tattara kayanka.

Sharaɗi na uku, kada iyo ya sa a tozarta salla, bayaninsa na tafe.

Na uku: hukuncin hawan igiyar ruwa

Wasan shi ne mutum ya kwanta a kan dogon allo ya yi tuƙi da hannu zuwa inda igiyar ruwa take tasowa, sannan ya miƙe tsaye ta ɗauko shi zuwa gaɓa. Babu nassin da ya hana shi, saboda haka yana kan asalin halacci kamar sauran wasannin motsa jiki, da sharuɗɗan da suka gabata. Abin da ya ƙaru a nan shi ne batun haɗari.

Allah Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a aya ta 195 cikin Suratul Baƙara, Ya kuma hana kashe kai a aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i. Imam Ahmad ya ruwaito hadisi mai tsoratarwa a kan wanda ya hau teku lokacin da take ambaliya har ya mutu, cewa shi ya jawo wa kansa. Daga nan malamai suka ce hukuncin shiga teku yana bin galibin zato: idan kuɓuta ta fi rinjaye ya halatta, idan halaka ta fi rinjaye ya haramta. Wannan kuwa yana bambanta tsakanin mutum da mutum. Igiyar da ƙwararre yake wasa da ita, ita ce ajalin ɗan koyo.

Saboda haka, ɗan koyo kamarka bai halatta ya shiga Soup Bowl ba, domin igiyar can tana karyewa ne a kan duwatsun murjani masu kaifi. Wurin koyo shi ne inda ruwa yake da sauƙi, kamar Freights Bay da ke kusa da Oistins, tare da mai koyarwa namiji. Ka tabbata ka iya iyo sosai kafin ka hau allo, domin igiyar da take ɗaure allo da ƙafa takan tsinke. Kada ka shiga ruwa kai kaɗai. Ka zaɓi gaɓar da take da masu gadin ceto, ka kuma bi tutocinsu: ja tana nufin kada a shiga, rawaya tana nufin a yi hattara. Bin irin wannan doka wajibi ne, domin an sa ta ne don kare rai, kuma ka shiga ƙasar ne a kan alkawarin bin dokokinta a abin da ba saɓon Allah ba. Haka nan daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne a yankin. Ko guguwar ba ta taɓa tsibirin ba, takan tayar da ruwa daga nesa, sai a saurari sanarwar hukuma.

Abin da ya fi cin rayuka a bakin teku shi ne wani siririn jan ruwa mai komawa cikin teku da ƙarfi, wanda sau da yawa samansa yakan yi kamar a kwance yake. Wanda ya faɗa cikinsa kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce take nutsar da mutum. Ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinsa, in ya kasa ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu a gan shi. A kan tudu ma akwai abin kiyayewa. Akwai wata bishiya mai dafi da ake kira manchineel, 'ya'yanta kamar ƙananan tuffa, akan shafa mata jan fenti don gargaɗi. Ba a cin 'ya'yanta, ba a fakewa a ƙarƙashinta idan ana ruwan sama, domin ruwan da ya ɗigo daga ganyenta yana ƙona fata.

Wani zai ce ai wanda ya nutse shahidi ne. Gaskiya ne, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ruwa ya ci yana cikin shahidai. Amma wannan bushara ce ga wanda musiba ta afka wa, ba izini ba ne na ganganci. Wanda ya ga jar tuta ya shiga ya saɓa wa Allah da shigarsa, lamarinsa kuma yana hannun Ubangijinsa.

Na huɗu: shagalin dare

A nan babu saɓani. Gidan rawa da mashaya an gina su ne a kan giya da kiɗa da rawar maza da mata a cakuɗe, kuma ƙofa ce ta zina. Allah Ya kira giya ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya yi umarni da a nisance ta, a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida. Nisanta ya fi barin sha faɗi. A aya ta 32 cikin Suratul Isra'i kuma kusantar zina aka hana, ba aikata ta kaɗai ba. Tirmizi da Ahmad sun ruwaito cewa Annabi ya hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka cewa da za ka yi lemo kawai za ka sha ba ta canza hukuncin ba, zaman kansa aka hana.

Batun kuɗin da ake haɗawa: idan ka san za a sayi giya ko a biya kuɗin shiga gidan rawa daga asusun, bai halatta ka zuba ba. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya la'anci mutum goma a kan giya, a cikinsu akwai mai sayenta da mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Ka ce da su za ka biya naka kason na mota da abinci da kuɗin mai koyarwa kai tsaye, ba ta cikin asusu ba.

Batun tuƙi kuma yana da fuska biyu. Ka kai su gidan rawa, ka zauna kana jiransu, ka dawo da su, wannan taimako ne a kan saɓo, wanda aya ta 2 cikin Suratul Ma'ida ta hana, kuma sanin cewa akwai mai mayar da su gida yana ƙara musu ƙarfin gwiwar sha. Tasi tana nan, ba su rasa hanya ba. Amma da wani zai kira ka cikin dare yana cikin hali, ka ji tsoron zai tuƙa mota a buge ya kashe kansa ko wani, ka je ka ɗauko shi ka kai shi gida, wannan ceton rai ne, ana fatan lada a kansa. Sai dai kada ya zama tsari na kowane mako.

Ka tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Buhari da Muslim, inda aka kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da yake kiwo a gefen makiyayar da aka killace, ya kusa ya afka ciki. Mafi yawan waɗanda suka lalace a ƙasar waje ba da niyyar sha suka fita daren farko ba. Rakiya suka yi, sannan abin ya daina yi musu muni, sannan asuba ta fara kuɓuce musu. Ko da babu giya, Annabi ya kasance yana ƙin hira bayan isha'i, kamar yadda Abu Barza ya ruwaito, hikimar kuwa a fili take ga wanda ya taɓa kwanciya ƙarfe uku na dare.

Akwai wuraren da suke tsakani, kamar kasuwar gasasshen kifi ta Oistins a daren Juma'a. Fili ne a buɗe, iyalai suna zuwa, amma ana sayar da giya, kiɗa kuma yana ƙaruwa yayin da dare yake yi. Sayen kifi a can halal ne. Abin da ya fi shi ne ka je da wuri, ka saya ka tafi da shi, kada ka zauna a dogayen teburan da ake sha a kansu. Haka hukuncin gidan abincin da yake sayar da giya: idan akwai wani a bar shi, idan buƙata ta sa, a zauna a teburin da babu ita. Bikin Crop Over kuwa, wanda ake rufewa da gagarumin jerin gwano a Litinin ɗin farko ta Agusta, ranar rufewarsa rana ce ta rawa da sha da ƙarancin sutura a kan titi, Musulmi ya nisance ta.

Na biyar: tsarki da salla a bakin teku

Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa. An tambayi Annabi game da alwala da shi, ya amsa cewa ruwansa yana tsarkakewa, mushensa kuma halal ne, Imam Malik ya kawo hadisin a Muwaɗɗa. Za ka iya alwala da wankan janaba da shi. Nutso kaɗai ba ya zama wanka sai da niyya, a mazhabar Malikiyya kuma sai an cuccuɗa jiki. Man kare fata daga rana, idan irin mai kauri ne da yake hana ruwa taɓa fata, a goge shi daga gaɓoɓin alwala tukuna. Wanda fata ta shanye ba ya hana komai.

Salla a kan yashi mai tsarki ta inganta, da jiƙaƙƙen tufafi ma ta inganta muddin ya rufe al'aura bai nuna fata ba. Alƙibla daga Barbados tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, kimanin digiri 67 daga arewa. Rana tana faɗuwa da wuri, tsakanin biyar da rabi da shida da rabi, saboda haka wanda ya shiga ruwa da yamma bai yi la'asar ba yana wasa da lokacinta. Mai azumi ya halatta ya yi iyo, amma idan ruwa ya wuce maƙogwaronsa zai rama azumin farilla a wurin Malikiyya, hawan igiyar ruwa kuwa da wuya a yi shi ba a haɗiyi ruwa ba, sai a bar shi har bayan Ramadan.

Game da ƙasaru: kai mazaunin gari ne a wurin mafi yawan malamai, tunda ka yi niyyar dogon zama, za ka cika salla. Fita daga masaukinka zuwa kowace gaɓa ba tafiyar ƙasaru ba ce, domin nisan ƙasaru kimanin kilomita 80 ne, tsibirin gaba ɗaya bai kai rabin haka ba. Juma'a tana kanka, kada a shirya fita a lokacinta.

Musulmi a Barbados 'yan kaɗan ne, ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba, amma suna da masallatai. Akasarinsu zuriyar 'yan kasuwa ne da suka zo daga Indiya a farkon ƙarni na 20, da farko daga Bengal, daga baya daga Gujarat. A Bridgetown akwai Jama Masjid a titin Kensington New Road da Madina Masjid a Sobers Lane, dukansu tun shekarun 1950, kuma daga Dover zuwa can bai kai kilomita 10 ba. Mafi yawansu Hanafawa ne, za ka ga suna jinkirta la'asar fiye da yadda ka saba, da wasu ƙananan bambance-bambance. Ka bi su salla, babu komai.

Na shida: abinci

Kifi halal ne ko wane ne ya kama shi, ba ya buƙatar yanka. A wurin Malikiyya duk dabbar ruwa halal ce, Hanafawa kuwa sun taƙaita a kan kifi, kada ka yi mamaki idan abokanka na masallaci suka ƙi wani abin da kake ci. Kifi mai tashi, wanda ake ci da wani tuwon masara da kuɓewa mai suna cou-cou, shi ne abincin da ƙasar take alfahari da shi. Kifin da suke kira dolphin a kasuwa kifi ne sosai, ba dabbar nan mai shayarwa ba. Abin da za ka kiyaye shi ne alade, domin yana da yawa a girkinsu. Abincin ranar Asabar da ake kira pudding and souse na alade ne, akan kuma jefa gishirtaccen naman alade a cikin shinkafa da wake don ɗanɗano. Ka tambaya kafin ka ci, ka kuma tambaya ko a kan waya ɗaya ake gasa kifi da alade. Wasu kek da kayan zaƙi ana jiƙa su da giya. Nama kuwa, ka nemi na yankan Musulmi ta hannun mutanen masallaci.

Na bakwai: ziyarar yayanka da matarsa

Malamai sun yi magana a kan tafiya ƙasar da ba ta Musulmi ba. Shaihu Ibnu Usaimin, Allah Ya yi masa rahama, ya sa sharuɗɗa uku: ilimin da zai kare mutum daga shubuha, addinin da zai kare shi daga sha'awa, da buƙatar tafiyar, bai kuma ɗauki yawon buɗe ido zalla a matsayin buƙata ba. Wasu malaman sun halatta shi ga wanda zai iya bayyana addininsa, ya kuma amince wa kansa daga fitina. Tafiyar yayanka tana da manufa ta shari'a, wato sada zumunci da duba halin da ƙaninsa yake ciki, matar kuma tana tare da mijinta, saboda haka ta halatta. Su nemi masauki nesa da layin mashayu, su kuma auna kuɗin da za su kashe, kada a ci bashi ko a tauye haƙƙin iyali saboda hutu.

Matar tana da haƙƙin shaƙatawa kamar mijinta. Ta zauna a bakin ruwa da hijabinta, ta taka cikinsa, duk halal ne. Iyo a gaban maza kuwa matsalarsa ita ce jiƙaƙƙen tufafi yana manne wa jiki, yalwataccen tufafi kuma yana da haɗari a cikin igiyar ruwa. Mafita ita ce gidan haya mai killataccen wurin wanka, ko gaɓar da babu kowa da sassafe, mijinta yana kusa, a ruwa marar zurfi. Ka tuna kai ma ba muharraminta ba ne, Annabi ya yi gargaɗi mai tsanani game da sakacin da ake yi da ɗan'uwan miji, sai ka ba su wuri a wannan lokaci. Mijin kuma runtse ido yana kansa kamar yadda yake kanka. Ku kiyaye ɗaukar hoton da tsiraicin wasu zai fito a ciki, balle a ɗora shi a WhatsApp ko Instagram.

Za su yi ƙasaru a hanya, zuwa da dawowa. Idan sun isa da niyyar mako guda, za su cika salla tun daga ranar farko a mazhabar Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, domin zaman ya wuce kwana huɗu. Hanafawa ne suka sa iyakar a kwana 15. Wanda kuwa ya yi tafiya musamman don shagalin haram, mafi yawan malamai sun ce ba shi da rangwamen ƙasaru ko ajiye azumi, domin ba a neman sauƙin shari'a da saɓo.

Na takwas: game da kaɗaici

Mun fahimci cewa wannan ne ya fi yi maka nauyi, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo. Shari'a ba ta ce ka yanke hulɗa da abokan karatunka ba. Ka kyautata musu, ku yi karatu tare, ku ci abinci, ku buga ƙwallo. Ka gaya musu matsayinka sau ɗaya a fili, cikin fara'a, ba tare da kame-kame ba: kana zuwa iyo da safe, ba ka zuwa mashaya. Wanda yake kawo uzurin ƙarya kowane mako, kowane mako za a sake gayyatarsa. Wanda ya faɗi gaskiya sau ɗaya, galibi akan girmama shi a bar shi. Ka zama kai ne mai shirya fitar safe, za ka samu waɗanda su ma ba son hayaniyar dare suke yi ba. Ka kuma lizimci masallaci ko da sau ɗaya ne a mako bayan Juma'a, domin Annabi ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, abokin banza da mai zuga wutar maƙera, kowanne sai ya bar maka wani abu a jikinka.

Idan ka taɓa bin su a baya, ka tuba, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, ka rama sallar da ta kuɓuce maka, kada kuma ka ba kowa labarin abin da Allah Ya rufa maka asiri a kansa. Allah Ya tsare mu da kai, Ya mayar da kai gida lafiya da addininka da iliminka.

Allah ne Mafi sani.